Mako Uku Ba Wanda Ya Zagi Gide

A Mairuwa in aka ce Gide, ba a ƙara bayani. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana busa usur a wasannin ƙauyuka, har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Da ya rataye usur ɗin sai bakinsa ya karɓi aikin. Shi da Shamsu tela, ɗan ƙanin mahaifinsa, suka ƙirƙiro shirin hirar ƙwallo da suka sa wa suna Bakin Layi.

Sun fara ne a shekarar da aka katse layukan waya a yankin, lokacin da mutum ba ya iya sanin ko ɗan'uwansa na Sabuwa ya tashi lafiya, balle ya ji wa ya ci wa a Ruwan Godiya. Ranar Lahadi da hantsi sukan zauna a benci gaban shagon Sha'ibu mai caji, su ɗora waya a kan kwali tsakaninsu, su yi sa'a guda suna musu. Sha'ibu ya zuba hirar a mimori, a miƙa wa direbobi. Motar Ƙanƙara ta ɗauki ɗaya, ta Faskari ta ɗauki ɗaya, na Damari kuwa sai ya bi hannu uku kafin ya isa. A can masu caji su tura wa duk wanda ya kawo nasa, mutum ya soka a ƙaramin rediyo, ya rataye a reshe yana yankan dawa yana saurare.

Kafin Alhamis mimorin ya dawo, amma ba yadda ya tafi ba. Duk mai ta cewa ya ɗauki muryarsa ya ɗora a kai. Mafi yawan amsoshin zagi ne, irin wanda ake yi wa na gida. Wani daga Ƙanƙara ya taɓa cewa, "Gide, in da idonka na gani yadda bakinka ke zuba, da yanzu gasar Afirka kake busawa." Gide ya sa wannan a farkon shirin mako na gaba, ya rama da ninki. Ko da layukan waya suka dawo, ba wanda ya bar mimori. Data na da tsada, gona kuma ba sabis.

A ƙarshen daminar bana aka kira su birnin Katsina. Wani sabon gidan rediyon FM ne mai zaman kansa, shugaban shirye-shiryensa, Malam Salahuddeen, ya ji su a cikin motar haya ya nemi lambar Shamsu. Mutum ne mai fara'a, mai magana da sauri kamar ana jiransa a wani wurin. A bangon ofishinsa akwai taswirar jiha, an zana jan da'ira babba a kai.

Ya ɗora yatsa a ƙasan da'irar ya ce, "Kun ga nan? Har Sabuwa muna kaiwa, mu ɗan tsallaka."

Gide ya ce, "Ranka ya daɗe, na murɗa rediyo a gida kafin mu taho. Shuu kawai nake ji."

"Ranakun mako ƙaramin inji muke tayarwa. Asabar da yamma, lokacinku, babba ne. Ku dai ɗaura wayar eriya a gora ku ɗaga sama, za ta kama."

Sharaɗinsa biyu ne. Rabin sa'a na ƙwallon Turai, rabi na ƙauyuka. Sannan maganar mimori ta ƙare, domin abin da aka yi a ɗakinsu nasu ne, saboda shi masu talla suke zuwa.

Ya ce, "Hirar wasa in ba kai tsaye ba ce, a FM, a babban gari, ba hira ba ce, tarihi ne. Wa zai ci tuwon Lahadi ranar Alhamis?"

Gide ya buɗe baki zai ce ɗumame ma yana da masoyansa, Shamsu ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Shi ma Giden, in za a faɗi gaskiya, yana son abin. Surukinsa ya daɗe yana kiran sana'arsa surutun bakin titi. Yanzu ga albashi, ga kati mai hotonsa da za a rataya a wuya. Suka sa hannu.

Da labari ya iso Mairuwa, Sha'ibu da kansa ya nemo gora mafi tsayi a garin, ya ɗaura mata waya, aka kafa ta a kan rufin shagon. Daga tasha ana hango ta.

Asabar ta farko Gide ya zauna a ɗaki mai sanyi, bango duk soso, ya sa abin ji a kunne. Rabin sa'ar farko waya ba ta huta ba. Wannan ya kira kan Madrid, wancan kan Arsenal, Shamsu yana ta zuba sunayen Turawa kamar tare suka yi makaranta. Da aka shiga rabin ƙauyuka sai fitilar wayar ta mutu, ba ta sake kamawa ba har aka rufe. Gide ya ce a ransa, mutanenmu ba su saba kira ba, suna tara mini ne sai na koma.

Ya koma ranar Lahadi. Tun daga bakin mota ake miƙa masa hannu.

"Gide na rediyo. Mun ji ka, tar kamar kana nan zamne."

"Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara ɗaukaka."

Har surukinsa ya aiko da zabi biyu. Mako na biyu ma haka. Gide yana amsa gaisuwa yana murmushi, amma wani abu yana yi masa ƙaiƙayi, kamar mutumin da ya ci tuwo ya ƙoshi sannan ya tuna miyar ba gishiri.

A mako na uku aka buga wasan kusa da na ƙarshe na kofin kaka a filin Faskari, Damari da Ruwan Godiya. Filin ba shi da ƙarfen sama, igiya ce ake ɗaurawa tsakanin sanduna biyu, ranar kuma an yi yayyafi, igiyar ta jiƙe ta saki ciki. Saura minti huɗu ɗan wasan Damari ya narka ƙwallo, alƙali ya nuna tsakiya alamar an ci, Damari ta wuce wasan ƙarshe. Gide yana tsaye daidai saitin sandar. Washegari a FM ya faɗi abin da ya gani ba tare da kwana ba: ta saman igiya ta wuce, ba ci ba ne, Damari da aron ido ta kai wasan ƙarshe. Yana faɗa yana jin daɗi, don ya san abin da ya tono.

Ranar Litinin ya ci karo da Alhaji Badamasi a layin masu hatsi. Shi ne uban ƙungiyar Damari, ɗan kasuwar masara ne da ke zuwa Mairuwa saye duk kaka. Wannan dattijo ya taɓa aiko da amsa ta minti goma sha biyu a kan jifa ɗaya ta gefen fili. Gide ya gyara tsayuwa, ya shirya.

Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Ɗan albarka. Kana fidda mu kunya a birni."

"Alhaji, ka ji shirin shekaranjiya?"

"Na ji mana. Ina zan tahi in bar shi?"

"Har abin da na ce kan ƙwallonku?"

Alhaji ya ɗan dubi buhunan da ake ɗinkewa, ya ce, "Har shi. Ka yi adalci ƙwarai. Allah ya yi maka albarka."

Gide ya ce amin. Bai san lokacin da ya iso gida ba.

Ya tarar da matarsa Suwaibatu a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ya ja kujera ya zauna gabanta, abin da bai saba yi da rana ba.

"Suwaiba, kin ji ni a rediyon nan?"

"Ai kowa ya ji ka."

"Ban tambayi kowa ba."

Ta watsa ɓawo a kwando, ba ta ɗago ba. "Mu mata muna zuwa shagon Sha'ibu ne?"

"A da fa?"

"A da ina da mimori. Mu shida muke ji a gidan nan ranar Litinin, har da Inna, ita da ba ta san gola daga alƙali ba." Ta ɗebo wata gyaɗar. "Sauran maganar ka tambayi masu gora."

Bai tambaye su ba. Ya san abin da za su ce. Ya bari har Asabar.

Da safe suka haɗu da Shamsu a tasha, motar Katsina ta kusa cika. Shamsu ya sha sabon yadi, katinsa na rataye a wuya tun daga gida. Gide ya ja shi gefe ya ce yau ba zai je ba, akwai abin da yake so ya gani da idonsa.

"Yaya Gide, wane irin abu ne wanga? Ni kaɗai zan yi musu da kaina?"

"Ina zargin ba sa jin mu, Shamsu. Ko kalma ɗaya."

Shamsu bai yi mamaki ba, wannan ne ya fi damun Gide. Ya ɗan shafa katin ya ce, "To, in ma ba su ji ba fa? Birni na ji. Ka san yawan mutanen da ke birni?"

"Akwai wanda ya san Damari a cikinsu?"

"Za su sani in mun daɗe. Shekara nawa muka yi a benci, mi muka ajiye? Kai ko takalmin kirki."

Direba ya danna oda. Shamsu ya shiga, ya leƙo ta taga kamar zai ƙara magana, motar ta ja.

Gide ya koma gida ta bayan layi, ya yini a ɗaki kamar mai laifi. Bayan la'asar ya fito, ya bi lungun da ke ɓullewa bayan shagon Sha'ibu, ya tsaya jikin katanga inda yake gani ba a ganinsa.

Mutane sun kai talatin, wasu a benci, wasu a kan babura, Alhaji Badamasi a kujerar roba yana jiran a gama masa lodi. Wayar gorar ta sauko ta taga ta shiga bayan wani babban rediyo. Ƙarfe huɗu da rabi daidai Sha'ibu ya kunna, ya kara kunne, ya riƙa murɗawa a hankali. Shuu. Ya koma baya. Shuu. Wani ya hau rufi ya juya gorar gabas, ya juya ta arewa. Daga yadda suke zaune Gide ya gane sun saba, kamar masu jiran ruwan da suka san ba zai sauka ba.

Sha'ibu ya miƙe ya ce, "Yau ma ba ta zo ba."

Wani mai faci ya ce, "Sa mana na bara, wanda ya ce golan Faskari barci yake a tsaye."

Sha'ibu ya zaro tsohon mimori ya soka. Sai ga muryar Gide ta cika wurin, ta bara, tana faɗa da Shamsu a kan wasan da kowa ya manta. Aka fara dariya tun kafin a zo wurin dariyar. Alhaji ya ɗaga sandarsa ya ce, "Gobe in ya sauka, kowa dai ya san abin da zai ce mashi. Kada wani ya yi mana ɓaranɓarama."

Gide ya fito daga bayan katanga ya yi sallama.

Amsar ta fito a rarrabe. Sha'ibu ya kai hannu zai kashe rediyon, ya rasa wane maɓalli ne. Mai faci ya sunkuya yana duba tayar da ba ta da komai.

Gide ya ce, "Cire wannan, mai da mu tashar FM ɗin. Tun da tar kuke ji na, bari yau mu ji Shamsu tare."

Sha'ibu ya ce, "Gide, don Allah..."

"Ƙara murya."

Ya zauna a bencinsa, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya harɗe hannu. Rediyo na shuu, mutum talatin na kallon ƙasa. Ba wanda ya iya tashi, don tashi amsa laifi ne. Wani ya yi tari. Akuya ta zo ta leƙa ta wuce. Sai da aka ɗauki lokaci mai tsawo sannan Alhaji Badamasi ya gyara murya.

"Ya isa haka, Gide. Ka hukunta mu."

"Alhaji, kai ma?"

"Ni na ce a yi. Yaro ya samu abin yi a birni, surukinshi ya fara ganin girmanshi, sai mu tare shi a tasha mu ce ba mu ji? Da wane baki? Kara muka yi maka."

"Shekara huɗu kuna zagina ban taɓa jin ciwo ba, sai da kuka yi mini kara. Mako uku ina magana da soson bango."

Sha'ibu ya ce a hankali, "Mun ɗauka ko za ta gyaru."

Alhaji ya ɗan karkato. "Wai mi ka ce kan ƙwallon namu?"

"Ka ce na yi adalci."

"Bar wannan. Mi ka ce?"

"Za ka ji."

Da ƙarfe biyar da rabi ta gota, Gide ya hau kan bulon da ke kusurwar shagon, inda sabis ya fi kamawa, ya kira Malam Salahuddeen, ya buɗe murya kowa na ji.

"Malam Gide, ina ka shiga? Ka bar yaro shi kaɗai, ko aike babu. Ba a yi mana haka a nan."

"Na yi laifi a nan, ranka ya daɗe, ka yafe. Amma saurara in jiyar da kai tasharka." Ya sa aka matso da rediyon, ya kara wayar. "Ka ji? Wannan da gora mai tsayin gaba biyar ke nan, ranar babban inji."

Malam Salahuddeen ya ce injiniya ne ya zana da'irar, wataƙila duwatsun yankin ne, kuma akwai shirin ƙara tsayin turken eriya baɗi in Allah ya yarda.

"Allah ya yarda. Kafin nan, ka ba ni izini in riƙa zuba shirin a mimori ina aiko musu."

"Wannan ba zai yiwu ba, na gaya maka tun farko. Kuma bari in faɗa maka gaskiya, Malam Gide. Shirin wasanni a birni yake rayuwa. A nan masu talla suke, a nan masu kira suke. Yau ba ka nan, waya ba ta huta ba har aka rufe, don duka sa'ar Turai aka yi. Ka zo ka gina suna, mutanenka za su same ka daga baya."

"Su ba su ɓata ba, ni na ɓata. Birninku na da gidajen rediyo nawa? Kowanne da mai faɗin abin da Madrid ta yi. Daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa, in ban faɗi abin da igiyar Faskari ta yi ba, ba mai faɗa."

"Igiya?"

"Ka gani."

Wani ya yi dariya a bayan Gide, ya toshe baki.

"Ka san mutum nawa ke neman kujerar nan?"

"Ba su, ranka ya daɗe, Allah ya sa su ji daɗinta. Katinku zan ba direba gobe."

Aka ji motsi, sai muryar Shamsu. "Yaya Gide, kada ka yanke cikin fushi. Ka kwana a kai."

"Na kwana biyar a kai. Kai fa?"

Shamsu ya ce, "Ni zan zamna. Sun ce za su ba ni har da Laraba."

"Zamna. Ka iya sunayensu, bakinka bai taɓa harɗewa ba. Allah ya sa alheri."

Ya kashe wayar ya sauko daga bulon a hankali, saboda gwiwa. Sai a lokacin ya ji nauyin abin. Albashin ya tafi, surukinsa zai ji kafin magariba, kuma rabin bencin babu kowa. Shekara huɗu bai taɓa buɗe shiri ba sai Shamsu ya ce masa ƙarya ne tun a jimla ta biyu. Mutane suna kallonsa, wasu da tausayi. Tausayin ne ya tunzura shi.

"Sha'ibu, kawo kwali."

"Yau Asabar ce."

"Na sani. Kawo."

Ya ɗora wayar, ya danna, ya matso da baki. Ya gai da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ya gai da masu yankan dawa da matan da ke ji a tsakar gida. Ya ce ya yi tafiyar mako uku zuwa inda murya ke fita ba ta dawowa, kuma akwai wasu dattawa da za a ambaci sunayensu nan gaba, waɗanda kunnensu ke jin abin da ba a faɗa ba. Sannan ya numfasa.

"Yanzu maganar wasan Faskari. Ina tsaye saitin sanda. Ƙwallon Damari ta saman igiya ta wuce. Ba ci ba ne."

Kujerar roba ta faɗi baya. Alhaji Badamasi yana tsaye, hularsa ta karkace.

"Ƙarya kake, Gide. Igiyar ce ta sauko, ƙwallo ba ta hau ba. In igiya ta jiƙe ta yi ciki, laifin ɗan wasa ne?"

"Doka ta ce ƙarƙashin igiya, Alhaji, ba ta ce ƙarƙashin inda igiya ta kamata ta kasance ba."

"Wace doka? Wadda ka rubuta a ɗakin soso?"

Wani ɗan Ruwan Godiya da ke kan babur ya diro ya ce shi ma yana wurin, tazarar ta kai kamu guda. Mai faci ya ce kamun wa, na jariri? Kafin a ce haka mutum goma na magana lokaci ɗaya, kowa na turo kai wajen kwalin. Yaran lodi suka zo gaya wa Alhaji an gama, ya kore su da hannu. Gide yana tsakiya, yana amsa wa uku a tare, jijiyar wuyansa ta tashi.

Da rana ta yi ja Sha'ibu ya ɗauki wayar ya saurari kaɗan, ya girgiza kai.

"Wanga ba ya aikuwa. Hayaniya ce zalla, muryarka ma sai an kasa kunne. Mu sake gobe da hantsi a natse."

"Ba abin da za a sake. Zuba shi yadda yake."

"Guda nawa? Uku?"

Gide ya dubi hanyar tasha, ya ɗan yi tunani.

"Huɗu. Ɗaya na motar Katsina, a haɗa da katin nan a ba Shamsu. In yana da amsa, ya ɗora ya aiko kafin Alhamis."